Wasiƙa zuwa ga aboki a kan Aquaman bayan sake lalen DC

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya gida, ya aiki, ya kuma baƙunta? Ina fata kowa yana lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayarka a kan littafin zanen Aquaman na bayan sake lale: ko ya cancanci kuɗinka, daga ina za ka fara, kuma me ya sa masoyansa har yau ba su daina musu a kansa ba. Ka sani tun yanzu zan fasa maka ƙwai a wurare da dama, don ba yadda za a yi in faɗa maka abin da ake faɗa a kai ban taɓa labarin ba.

A watan Satumba na 2011 ne kamfanin DC ya rufe littattafan jarumansa, ya sake buɗe guda 52, kowanne daga lamba ta 1, abin da suka sa wa suna New 52. Aquaman ya faɗo hannun Geoff Johns a rubutu, Ivan Reis a zane, Joe Prado yana bin zanen da tawada, Rod Reis yana sa launi. A lokacin, kowace fitowa shafi 20 ce ta labari, a kan dala 2.99, sau ɗaya a wata. Riƙe wannan adadin na shafi 20, don rabin ƙorafin mutane daga nan ya taso.

Matsalar da Johns ya tarar ita ce jarumin ya zama abin zolaya. Tun 1941 aka ƙirƙiro shi, Mort Weisinger da Paul Norris suka fito da shi a More Fun Comics lamba ta 73, amma abin da yawancin Amurkawa suka riƙe shi ne katun ɗin Super Friends da aka fara a 1973, inda yake yawo a ruwa yana kiran kifaye su taimake shi, sauran jarumai suna can suna aikin gaske. Masu barkwanci a talabijin suka ɗauki abin suka yi ta juyawa shekara da shekaru. Sai Johns ya ɗauko zolayar ya zuba ta cikin littafin. A fitowa ta 1, Arthur Curry, wato Aquaman ɗin, ya tare 'yan fashi a titin Boston, ya ɗaga motarsu mai sulke da mashinsa mai tsini uku ya kifar da ita, harsashi ya same shi a goshi bai yi masa komai ba sai ɗan ƙwarzane, amma da 'yan sanda suka iso sai suka tambaye shi ko yana son ruwan sha. Ya shiga gidan abinci ya ce a kawo masa soyayyen kifi da dankali, mutane suka riƙe baki, wai ya zai ci abokan hirarsa. Nan ya yi musu bayani cewa shi ba ya hira da kifi, ƙwaƙwalwarsu ba ta kai ba, abin da yake yi shi ne ya taɓa ƙwaƙwalwar da tunaninsa ya karkata su inda yake so.

A nan masoya suka fara rabuwa. Sababbin shiga sun ji daɗin abin ƙwarai, suka ce an tari zolayar gaba da gaba an kashe mata baki. Kasuwa ma ta goya musu baya, don a watan Janairu na 2012 littattafan DC ne suka cinye gurabe goma na farko a ciniki a Amurka, Aquaman lamba ta 5 yana cikinsu, wato ya wuce duk wani littafin Marvel, kamfanin da ke gogayya da DC, na wannan watan. Wanda ya san yadda ake raina jarumin a da ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsofaffin hannu kuwa suka ce ai wannan kare kai ne, kuma mai yawan kare kansa ya nuna zargin ya dame shi. Hujjarsu tana da ƙarfi: a cikin duniyar labarin, mutumin nan yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar jarumai ta Justice League suka kori babban mugun nan Darkseid, to ta yaya ɗan sandan Boston zai yi masa dariya? Zolayar ta masu kallon talabijin ce, an ɗora ta a bakin mutanen da ba su da dalilin yin ta. Ni dai a ganina ɓangarorin biyu kowa yana da gaskiyarsa, sai dai lokaci ya bambanta. A fitowa ta 1 dabarar ta yi aiki. Da aka kai ta 3 da ta 4 ana ta maimaita ta, sai ta koma gishirin da ya yi yawa a miya. Johns da kansa ya rage ta daga wajen lamba ta 7, littafin kuma ya ƙara kyau.

Ƙorafi na biyu shi ne saurin ƙarewa. Reis gwani ne na manyan zane, yakan ba hoto ɗaya shafi guda, wani lokaci biyu. Ka cire irin waɗannan shafuka huɗu ko biyar daga 20, ka ga abin da ya rage na magana bai taka kara ya karya ba. Mai saye wata-wata sai ya karance cikin 'yan mintuna ya zauna jiran wata guda. Labarin farko, The Trench, ya ci fitowa huɗu, alhali abin da ya faru a ciki bai wuce haka ba: wasu halittu masu haƙora sun fito daga wani rami mai zurfi a ƙasan teku, sun far wa wani gari na bakin teku, sun kwashe mutane cikin wasu kwasfa don su kai wa sarauniyarsu abinci, Arthur da abokiyar zamansa Mera suka bi su suka ƙwato mutanen, Arthur ya rufe ramin a kansu. Kai wannan ƙorafin bai shafe ka ba, tunda a kundi mai haɗa fitowa da yawa za ka karanta. A kundi, manyan shafukan nan su ne abin da za ka tsaya kana kallo. Ka duba yadda Rod Reis yake rage haske a hankali yayin da suke nutsewa, har ya zama hasken da ke jikin halittun ne kawai ke haska shafin. Idan a waya za ka karanta, ka nemi babban allo, don ƙaramin allo yana yanka shafi biyu gida-gida ya kashe zanen.

Rufe ramin nan ma ya jawo musu. Halittun yunwa ce ta koro su, 'ya'yansu suna mutuwa, Arthur ya gani da idonsa kafin ya binne su. Wasu suka ce jarumi ba ya hallaka al'umma guda ya koma gida ya ɗauki kare. Wasu suka ce ai sarki ne, zaɓi biyu ne a gabansa duk munana, kuma littafin bai ɓoye cewa abin ya tsaya masa a rai ba. Na fi karkata ga na biyun, musamman da yake labarin ya dawo kan halittun daga baya, ba a share maganar ba.

Tsofaffin masoya abin da ya fi ci musu rai shi ne tarihin da aka goge. Wanda ya taso da Aquaman na Peter David, na 1994, ya san mutum mai gemu da dogon gashi, wanda kifaye masu cin nama suka cinye masa hannu a fitowa ta 2 ya maye gurbinsa da ƙugiyar mashi, sarki mai zafin rai da ba ya ɗaukar raini daga Superman ma. A wurinsu an riga an gyara jarumin tun wancan lokacin, Johns ya zo yana gyaran abin da ba ya buƙatar gyara. Sannan aka share mutuwar ɗansa, jaririn da babban maƙiyinsa Black Manta ya kashe a 1977, wadda ita ce tushen gabarsu kusan shekara 35. Garth, matashin mataimakinsa da aka fara kira Aqualad, sai dai a ambace shi a wucewa, an daɗe kafin a gan shi. Jackson Hyde, sabon Aqualad da Johns ɗin da kansa ya gabatar a labarin Brightest Day a 2010, ya ɓace ɓat, bai dawo ba sai 2016. Wannan na ƙarshen ya ba mutane haushi na musamman, don an sa su sun saba da yaron shekara guda kafin a ɗauke shi.

A madadin mutuwar jaririn, Johns ya kawo wata gaba a labari na biyu, The Others, lamba ta 7 zuwa 13. Manta ya kai wa Tom Curry, mahaifin Arthur, hari, tsohon ya samu bugun zuciya ya mutu. Arthur ya bi sawu cikin fushi ya kashe mutumin da ya tarar a jirgin ruwa yana zaton Manta ne, ashe mahaifin Manta ne. Ka ga yanzu kowa yana bin kowa bashin jini, kuma hannun jarumin ne ya yi kisan kai tsaye. Mafi yawan masoya, har da waɗanda suka ƙi sake lalen, sun yarda wannan ya fi ƙarfi, don a da Manta mugu ne kawai da dalilinsa ke canzawa daga marubuci zuwa marubuci. A ganina nan ne ƙololuwar aikin Johns da Reis. Rauninsa shi ne tawagar da aka kawo, tsofaffin abokan Arthur da kowannensu ke riƙe da wani kayan zinare na tsohuwar Atlantis, masarautar da ke ƙarƙashin teku: Kahina mai ganin abin da zai faru, Ya'Wara ta dajin Birazil, Vostok ɗan Rasha, Operative, da Prisoner-of-War. An kashe Kahina a fitowar da aka gabatar da ita, an kashe Vostok kafin labarin ya ƙare, mutane suka ce ba a ba su lokacin da za su damu da su ba. Da aka ba tawagar littafinta a 2014, a hannun Dan Jurgens, fitowa 11 ya yi aka rufe. Ba sai ka saya ba.

Sai Throne of Atlantis, kuma a nan ne masu saye suke yin asara, don haka ka natsu. Labarin ya ratsa littattafai biyu daga ƙarshen 2012 zuwa farkon 2013. Jerin shi ne Aquaman 14 a matsayin share fage, sai Justice League 15, Aquaman 15, Justice League 16, Aquaman 16, Justice League 17, sannan Aquaman 17 ya share bayan fage. Wanda ya bi lambobin Aquaman kaɗai zai ga an fara yaƙi bai san mafari ba, ya kuma wayi gari an gama bai ga ƙarshe ba. DC ta fitar da kundi biyu masu wannan suna, na Aquaman na 3 da na Justice League na 3, kuma yawancin abin da ke ciki ɗaya ne. Ka sayi na Aquaman, shi ne mai lamba ta 0 da ta 14. Lamba ta 0 ɗin tana ba da labarin yadda Arthur ya fara gano Atlantis bayan rasuwar mahaifinsa, kuma a nan za ka fara haɗuwa da Vulko, tsohon mashawarcin fadar Atlantis, wanda sai ka san shi kafin ƙarshen labarin ya yi maka ma'ana.

Abin da masoya suka fi yabawa a nan shi ne Orm. A tsohon zubi na 1966 shi da Arthur uba ɗaya suke, ɗan adam ne mai hassadar ɗan'uwansa. Yanzu uwa ɗaya suke, Atlanna, Orm kuma cikakken ɗan Atlantis ne da ke kan gadon sarauta bisa ƙa'ida. Makamai masu linzami daga wani jirgin yaƙin Amurka suka faɗa wa ƙasarsa, ya mayar da martani da ambaliya a kan Boston da Gotham da Metropolis, yana bin tsarin yaƙin da shi da Arthur suka rubuta tare. Yana ƙaunar wansa har cikin ransa, yana ganin mutanen tudu ne suka lalata shi. Daga ƙarshe ta bayyana Vulko ne ya kitsa harin don ya tilasta wa Arthur karɓar sarauta. Arthur ya hau gado, ya miƙa ƙaninsa ga hukumar Amurka aka kulle shi a kurkukun Belle Reve. Har yau akwai masu cewa an zalunci Orm, sarki ne da ya kare ƙasarsa aka yi masa shari'a kamar ɗan ta'adda, akwai kuma masu cewa wanda ya nutsar da farar hula ba shi da bakin magana. Ka nemi lamba ta 23.2 ta watan Satumba na 2013, inda ya tsere daga kurkuku ya gamu da wata mata da ɗanta a Louisiana. Gajere ne amma yana ƙara wa musun daɗi.

A wannan lokacin Reis ya koma Justice League, Paul Pelletier ya karɓi zanen daga lamba ta 15. An yi ta kukan rashin Reis, amma Pelletier yana cusa labari a shafi fiye da shi, ƙorafin saurin ƙarewa ya ragu. Death of a King, kundi na 4, daga 17 zuwa 25, ya kawo Atlan, sarkin farko da ɗan'uwansa ya ci amanarsa har ya nutsar da Atlantis da hannunsa, ya kuma nuna Arthur daga zuriyar maci amanar ya fito. Kada ka ruɗe in ka ga babu lamba ta 20 a kundi na 4, John Ostrander ne ya rubuta ta don cike gurbi, ba ta cikin zaren labarin. Ƙarshen ya zo da gaggawa, an tsallake wata shida Arthur yana kwance a sume, aka warware komai a fitowa biyu. Shafin ƙarshe ya yi alkawarin wani babban labari a kan masarautun teku bakwai, mai suna Rise of the Seven Seas, wanda bai fito a zamanin New 52 ba. Masoya sun daɗe suna yi wa Johns gorin wannan bashin.

To ga abin da nake so ka lura da shi, wanda masu musun ƙarfi da zolaya suke tsallakewa. Abin da ya riƙe littafin nan tun daga farko zaman Arthur da Mera ne. Ita 'yar Xebel ce, mazaunin waɗanda aka kora da ke ɓoye a yankin Bermuda, an turo ta ta kashe sarkin Atlantis ta ƙare da ƙaunarsa. Tana sarrafa ruwa yadda take so, har ta iya zuƙe shi daga jikin mutum. Lamba ta 6 tata ce ita kaɗai: ta shiga gari sayen abincin kare, mai kanti ya kai mata hannu, ta karya masa hannun, 'yan sanda suka zo kama ta. Fitowa ce da babu babban mugu a ciki, amma tana cikin waɗanda aka fi tunawa. Mutane da yawa, mata musamman, saboda Mera suka zauna. Shi ya sa aka yi ca a watan Satumba na 2013 lokacin da Dan DiDio, ɗaya daga cikin shugabannin DC na lokacin, ya ce bai kamata jarumansu su kasance da aure ba, aka kuma tabbatar cewa a sabon zubin Arthur da Mera ba ma'aurata ba ne. Auren da aka ɗaura tun 1964, kuma mai karatu ya shekara biyu yana ganin su gida ɗaya a hasumiyar fitilar jiragen ruwa, ana kiran ta sarauniyarsa.

Jeff Parker, wanda ya riƙe daga 26 zuwa 40, ya gane wannan. Ya sassauta littafin, ya kawo dodanni da raha, ya kai Arthur taron tsofaffin ɗaliban makarantarsu, ya bar Mera tana fama da majalisar Atlantis da ba ta son ta, sannan a Maelstrom ya tura su biyu neman Atlanna, wadda ashe tana raye. Ciniki ya ragu bayan tafiyar Johns, amma waɗanda suka tsaya sun yaba, wasu ma suna fifita shi. Ina ganin an rage masa haƙƙinsa.

Abin da ya biyo baya shi ya tabbatar da maganata. A tsakiyar 2015 Cullen Bunn ya karɓa daga lamba ta 41, Trevor McCarthy yana zane. Aka canza wa Arthur kaya zuwa masu duhu, aka ba shi sababbin ƙarfi daga Poseidon, ƙanƙara da tsawa da ɓacewa daga wuri zuwa wuri, labarin yana tsalle tsakanin da da yanzu, zanen kuma ya yi duhun da wani lokaci ba ka gane wa ke dukan wa. Duk wannan da an jure. Abin da ba a jure ba shi ne an raba shi da Mera, ta zama mai farautarsa a matsayin maci amana, daga baya ta bayyana 'yar'uwarta Siren ce ta ɗauki kamanninta, bayan Arthur ya riga ya kwana da ita yana zaton Mera ce. Masu karatu suka ce wannan cin zarafi ne ta hanyar yaudara, littafin kuma ya wuce shi kamar ba komai. Bunn ya sauka a lamba ta 48, shi da kansa ya ce martanin masoya yana cikin dalilan tafiyarsa. Ka duba, a wannan zubin Arthur ya fi kowane lokaci ƙarfi, babu mai zolayarsa, amma shi ne aka fi ƙi. Wasu daga cikin masoyan sun wuce gona da iri wajen zagin marubucin, wannan kam ba na goyon baya, amma ƙorafin nasu yana kan hanya. Dan Abnett ya karɓi 49 zuwa 52, abu na farko da ya yi shi ne ya mayar da su biyu gida ɗaya. Da aka zo Rebirth, zubin da ya gaji New 52, a watan Mayu na 2016, Johns ya sa Arthur ya durƙusa ya nemi auren Mera, aka kuma ɗaura shi a lamba ta 65 ta sabon jerin a 2020, a hannun Kelly Sue DeConnick.

Idan ta fim ɗin James Wan na Disamba 2018 ka shigo, za ka ga halittun ramin da Orm da Nereus sarkin Xebel da masarautu bakwai duk daga nan aka ɗebo su, sai dai Arthur na littafin mai gashi ruwan zinare ne, mai kamewa da ƙarancin magana, bai yi kama da na Jason Momoa ba, Vulko kuma ba mutumin kirkin da ka sani ba ne. Kada ka shiga da tsammanin raha irin ta fim.

Shawarata a kan saye: kundi na 1 zuwa na 4 dole ne, a jere, kada ka fara da na 3 don ka ji an fi yabonsa, sandar sarautar da Manta ya sato a na 2 ita ce mabuɗin na 3. In kuɗi ya rage ka ƙara na 5 da na 6 na Parker. Na 7, Exiled, ka ara in ka samu mai shi, don ka ga abin da ake faɗa da idonka. Daga nan ka wuce kai tsaye zuwa na Abnett, in ka kai lamba ta 25 ta Rebirth inda Stjepan Šejić ya karɓi zane ka rubuto mini, ina son in ji ko kai ma za ka ce ya kamo Reis. Ka kuma faɗa mini ɓangaren da ka ɗauka a shari'ar Orm.

Ka gaida mutanen gida da yara, ka gaida duk abokan arziki na wajenku. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Abokinka